Rasuwar Uwar Marayu, Wai-Fai ɗin Ɗakin Ɗalibai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu ma da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da rasuwar 'yar na'urata ta wai-fai, wadda aka fi sani da Uwar Marayu. Ta cika jiya da hantsi a bakin tagar ɗakin ɗaliban digiri na uku, inda ta saba kama sabis.

Marigayiya mai kawaici ce. Ba a taɓa jin bakinta ba sai ɗan "tit-tit" idan caji ya yi ƙasa. Da intanet ɗin jami'a ya ɗauke, ofishin kwamfuta ya raba ɗan abin da ya saura: manya suka sha, shugabannin sassa suka lasa, mu ɗalibai aka ba mu haƙuri. Ita ta riƙe ni, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ciwon ajalinta daga amana ya fara. Mutum ɗaya na ba lambar sirrinta, Malamin da ke duba kundina, bayan ya rantse ba zai ba kowa ba. Ya kuwa cika alkawari, don sakatariyarsa kaɗai ya ba. Ita ma direbansa kaɗai ta ba. Kafin mako ya zagayo, har mai shayin bakin ƙofa yana mitar ta cika nauyi.

Jiya ce ranar kare kundina ta bidiyo, gaban mai jarrabawa daga wata jami'a, wanda ya ce in aka rasa wannan rana sai baɗi. Rajistata kuwa bana take ƙarewa. Mai jarrabawar ya buɗe baki zai yi tambayar farko, hotonsa ya daskare a haka. Jikin marigayiya ya ɗau zafi, batirinta ya kumbura, ta yi "tiiit" mai tsawo, fitilarta ta mutu. Malam na zaune kusa da ni, wayarsa a ƙarƙashin tebur, yana sauke wasan ƙwallon da bai samu gani ba. Shi ya fara yin tsaki.

Ta rasu ta bar caja mai karyayyen wuya, da kundi da ba a kare ba, da marayu masu yawa da yanzu ke yawo a baranda da wayoyi a sama. Ban tausaya wa ko ɗaya ba. Malam ya riga ya yi mini ta'aziyya, ya kuma tambayi yaushe zan sayi wata.

Za a yi jana'iza gobe da safe. Kada a turo gaisuwa ta waya, babu hanyar da za ta iso. Wurin binnewa sirri ne na iyali, amma muna sa ran cikar jama'a: Malam kaɗai na faɗa wa, ya kuma rantse ba zai gaya wa kowa ba.