Mujallar da Kawu Ya Buɗe

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da mujallar nan ta iso gidanmu a unguwar Al-Sih ta Madina ba. Na shafe shekaru ina nazarin kaskon turare na tagulla da alhazan Sin suke zuwa da shi Madina, mai ɗauke da rubutun Larabci a salon alƙalaminsu, har wata mujallar masana da ta keɓanta da fasahar Asiya ta karɓi maƙalata. Kawu Sale, yayan mahaifiyata kuma babban danginmu, bai taɓa ɗaukar aikin a matsayin ilimi ba. "Bin kasko" yake kiransa. Burina kawai shi ne ya yarda.

Saboda haka da ƙunshin mujallar ya zo, ban buɗe shi ba. Na tara dattawa bayan La'asar, aka zuba gahawa, aka kawo dabino, na miƙa wa Kawu da hannu biyu domin ya sa albarka. (Har gajeren jawabi na yi a kan darajar bincike, Allah ya yafe mini.)

Ya yi bisimilla, ya yage takardar. A bangon mujallar sai ga hoton wani gunkin dutse a zaune, ƙirji a waje, hannuwa huɗu, yana murmushi. Ko kusa ban kawo a raina cewa maƙalar wani ce za ta hau bango ba.

Limamin unguwa ya mayar da dabinonsa cikin faranti.

"Ya waladi, ɗana," in ji Kawu, "a garin Manzo ka tara mu mu yi wa wannan mabruk, mu taya shi murna?"

"Kawu, nawa yana ciki."

"Shi wannan fa? Abokin aikinka ne?"

Aka fashe da dariya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini jallabiya. Na buɗe masa shafina. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban hoton kaskon, ya karanta bisimillar da ke jikinsa a bayyane. Sannan na nuna masa sunana da boko, haɗe da na kakanmu da ya taso daga Katsina a ƙafa.

"Mutanen Sin za su ga wannan suna?"

"Har da na Japan, Kawu."

Ya ɓalle bangon a hankali, ya miƙo mini. "Riƙe abokinka. Sauran nawa ne."

Har yau mujallar tana majalisinsa babu bango, kuma duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Ni dai na koyi cewa albarka ba ta raguwa don mutum ya fara leƙa ƙunshinsa shi kaɗai.