Talatin Ɗin Amurka

A shekarun saba'in ni ne mai gyaran firji a unguwar Sa'alaba, don haka na ɗauka duk Jidda babu wanda ya fi ni sanin sanyi. Da maƙwabcina Usman ya samu karatu a wani ƙauye can yammacin Amurka, wurina ya zo neman shawara.

"Kawu, sun ce lokacin sanyi ma'aunin zafi kan nuna talatin. Me za mu ɗaukar wa yara?"

Na yi dariya. "Talatin? Ai Jidda ke nan! Halas, magana ta ƙare, ku bar barguna, ku ɗauki fanka."

Matarsa ta ce, "Kawu, an ce fa ƙanƙara na zuba." Na ce mata ƙanƙara sana'ata ce.

Bayan wata biyu wasiƙa ta iso da hoto: yara uku naɗe cikin labule da dardumar salla. Usman ya rubuta cewa ƙaramar ta yi mako tana tari, wai talatin ɗinsu daban ne, har ruwa daskarewa yake. Sau huɗu na karanta. Har yau ban gane yadda talatin ke zama iri biyu ba.

Yanzu ko Ɗa'ifa, garin nan mai ɗan sanyi a kan duwatsu, mutum zai je, sai an ce, "Biya wurin Kawu ya ara maka fanka."