Ranar da Na Shayar da Mota Man Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren jikata Rifkatu ba, ko da na so in manta, matan zumuntar majami'a ba za su bari ba. Tun ina da goyo nake matse gyaɗa a Madakiya ina kai mai kasuwar Kafanchan. Ban shiga aji ba, amma ka kawo min mai a tafin hannu, in shinshina, in gaya maka ko na bana ne ko an yi masa haɗi. Wannan sanin ne ya kai ni ya baro.

A majami'armu, kafin Fasto ya ɗaura aure, kakar amarya ce ke ɗora mata hannu ta sa albarka. In ba ta nan, sai kakar ango ta yi. Kakar angon kuwa Saratu ce, wadda muka yi shekaru muna zaman doya da manja a layin 'yan mai. Da aka ce an ɗauki bas don tsofaffi, na ce a gabanta, "Ku dai ku matsu a bas. Ni a motar ɗana zan zo." (Motar ta girmi amaryar, amma mota mota ce.)

Da safe na ci anko, na kafa ɗaurin kai kamar tukunya, na fito da galan ɗin man gyaɗa da zan ba amarya. Sai na tarar da ɗana Yohanna a durƙushe yana leƙen tayar baya. Ƙasan wajen ya jiƙe. Ya shiga ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya buɗe bonet, ya nuna min wata 'yar roba kamar gwangwanin madara.

"Mama, man birki ya tsiyaye. Bari in hau acaɓa in nemo."

Ya tafi ya bar ni da mota baki buɗe. Na zauna, na tashi. Na leƙa hanya, na dawo. Bas ya wuce, ina jin kiɗan tulu da waƙa. Rana tana ta hawa. Sai na durƙusa da sabon zanena, na dangwali abin da ya ɗiga, na murza. Santsi. Na duba launi, ruwan zuma-zuma. Na shinshina, na ce a raina wannan ai mai ne marar kyau, nawa ma ya fi shi. Na kwance galan, na cika 'yar robar nan har wuya, ko ɗigo bai zuba ba. (Hannuna bai taɓa neman mazurari ba.)

Yohanna ya dawo hannu wofi, mai shagon bai buɗe ba. Ya ga roba a cike.

"Wa ya kawo?"

"Ubangiji ya tanada. Ja mota."

Ya ɗauka maƙwabcinmu direba ne ya taimaka. Ya taka ya taka, birki ya ɗan yi tauri, muka kama hanya a hankali, ni a gaba ina cewa ya ƙara wuta. Muna shiga Kafanchan, wata Keke Napep ta tsaya a gabanmu. Na ga Yohanna yana dukan birki da ƙafa kamar mai kashe kunama. Ya fizgi birkin hannu, ya karya kan mota, muka je muka sumbaci buhunan citta a bakin hanya. Ba wanda ya ji ciwo, sai ɗaurin kaina da ya koma kan kunne ɗaya.

Aka tura mu garejin Malam Garba, wanda uwarsa ta sha sayen mai a wurina. Ya sa jak, ya cire taya, ya shafa bayanta da yatsa, ya bi danshi har ya kai kan wani baƙin tiyo. Ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga.

"Ga ɓarawonku. Tiyo ya tsufa ya fashe. In sa sabo, in cire iska, ku kama gabanku."

Na ce, "To yi maza, ɗan nan, ana jirana."

Ya zagaya gaba, ya buɗe 'yar robar. Ya tsaya. Ya kai hanci. Ya sa yatsa, ya lasa.

"Yohanna, motar nan ƙosai take soyawa?"

Masu citta suka matso, mai rake ya matso. Malam Garba ya dubi galan ɗin da nake rungume da shi, ya dube ni.

"Mama, naki ne. Na san ƙamshin tun ina yaro."

Na ce, "Mai dai ai mai ne."

"A miya ba. Nan sai ya lalata robobin ciki. Kuma ko na gaskiyar kika zuba, tulu mai yoyo kika cika. Yanzu sai mun wanke layin kaf, taya huɗu."

Yohanna ya naɗe hannun rigarsa. Aikin na mutum uku ne: shi Malam a ƙasa da sifana, Yohanna yana zuba sabon mai ta sama, sai mai taka birki. Malam ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Haka na hau kujerar direba karo na farko a rayuwata. Ƙafata ba ta kaiwa, sai da na zame gaba na tattare zane har gwiwa.

"Taka, Mama. Taka. Riƙe. Kar ki saki."

Ina cikin riƙewa, gumi yana wanke hodata, sai ga bas ɗin nan. Ashe sun biya ɗaukar dangin ango. Ya rage gudu, tagogi suka cika da kawuna. Saratu ta zuro nata.

"Sannu direba. Ga wuri a baya, in za ki matsu."

Na so in sauka in ba ta amsa, sai murya daga ƙarƙashin mota: "Mama kin saki, iska ta koma. Sake." Mai rake kuwa ya riga ya kai bakin taga yana ba su labari. Bas ya tashi da dariya, ba waƙa.

Da muka isa majami'a, da birki mai kamawa kamar sabo, ana fitowa ɗaukar hoto. Hannun Saratu ne ya sauka a kan jikata. Rifkatu ta rungume ni ta ce ba komai, Kaka, amma ni na san da komai. A wajen liyafa aka ɗaga kyautata sama, mai magana ya ce galan ɗin mai daga kakar amarya, sai dai bai cika ba. Saratu ta ce, yadda har na bayan rumfa za su ji, "Sauran yana cikin mota."

Daga ranar na koyi cewa in abu yana yoyo, ramin ake nema, ba abin cikawa ba. Yanzu in an buɗe bonet, ina komawa kujerar baya in naɗe hannu. Amma a faɗi gaskiya: Malam Garba da lasa ɗaya ya gane cewa man nawa ne, kuma har yau a wurina matarsa take saye.