Rasuwar Mai Ƙeya, Monitan da Aka Kashe Saboda Kunnen Ya'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Istifanus Bitrus, tsohon malamin firamare, mai shagon buga takardu a bayan tashar mota ta Haɗeja, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar monitan kwamfutata, wanda aka fi sani da Mai Ƙeya. Ya rasu wata Laraba cikin watan Oktoban wannan shekara ta 1998, da rana tsaka, a kan teburinsa, a gaban shaidu, bayan gajeriyar jinya da wasu bayin Allah suka ɗora masa da hannunsu. Na jinkirta wannan sanarwa ne sai da na ji zan iya rubuta ta babu zagi a ciki.

Marigayin ɗan ƙasar waje ne, amma ba mu san garinsu ba, don takardar da ke liƙe a bayansa ta goge tun kafin ya zo hannunmu. A Kano na same shi, na hannu, da kuɗin sallamata na aikin koyarwa. A kan cinyata na ɗauko shi cikin bas har Haɗeja, ina faɗa da duk wanda ya jingina da shi. Fuskarsa inci goma sha huɗu ce, amma bayansa ya yi biyun fuskar, shi ya sa matata Esta ta raɗa masa Mai Ƙeya ranar da ya shigo gida, sunan kuwa ya bi shi.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. In aka kunna shi da safe sai ya ce "tum", ya yi shiru, sannan ya buɗe ido a hankali. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son a yi masa. A ɗauke wuta a tsakiyar aiki, a dawo da ita da ƙarfin da zai ƙona dutsen guga, bai taɓa ƙorafi ba. Ta fuskarsa tambayoyin jarrabawar makarantu da dama na garin nan suka wuce, da katunan biki, da takardun neman aiki, da ƙarar da mutane ke rubutawa a kan maƙwabtansu, bai taɓa fesa wa kowa ba. Ya kuma san iyakarsa. Da ɗigo ɗari shida da arba'in a kwance, ɗari huɗu da tamanin a tsaye yake zana duk abin da aka ba shi, yana sabunta hoton sau sittin a daƙiƙa. Ba zan ɓoye aibinsa ba: in ka kalle shi ta gefen ido sai ka ga yana ɗan rawa, kuma kafin la'asar idona kan cika da ruwa. Na ɗauki wannan a matsayin zaman tare, don shi ma yana haƙuri da yawan mitata.

Ajalinsa da ƙafa ya shigo shagon, yana ƙarnin kifi. Ƙungiyar masunta ta wani ƙauye can wajen Baturiya ta kawo mini aikin kalandar baɗi. Sun ɗauki hotonsu a bakin ruwa, kowa da gorarsa da komarsa, a sahu guda dogo, domin babu wanda ya yarda ya tsaya a bayan wani. An juye mini hoton cikin faifai a Kano, na tsara kalandar tsaf, har na kwafe ta a faifan da za a kai maɗaba'a. Abin da ya rage kawai su zo su gani su sa albarka.

Suka zo, suka cika shagon har bakin ƙofa. Hoton ya fi fuskar marigayin faɗi, don haka wanda ke ƙarshen sahun ta dama, wani dattijo mai suna Ya'u, rabinsa ne ya fito: ido ɗaya, kunne ɗaya, rabin hula. Na ja hoton gefe, Ya'u ya fito cikakke, sai shugaban ƙungiyar, Gambo, da ke ɗaya ƙarshen ya ɓace. Na ƙanƙance hoton kowa ya shiga, sai fuskokin suka koma kamar ƙwayar gero, babu mai gane kansa. Na murɗa 'yan maɓallan da ke ƙarƙashin haɓar marigayin, hoton ya matse ya bar baƙin fili hagu da dama, Ya'u dai yana nan da kunnensa ɗaya. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, cewa gilashin nan taga ce kawai, hoton yana ciki cikakke, a takarda kowa zai fito da kunnuwansa biyu. Firintarmu ba ta iya hoto ba, balle in buga in nuna musu. Ya'u ya dube ni ya ce, "Malam, ni abin da idona ya gani na sani. Ruwan da kowa ya shiga na shiga, ba za a rataye ni rabi a ɗakin surukaina ba."

Ana cikin haka man janareto ya yi ƙasa, na ɗauki galan na fita. Na bar shagon a hannun Sama'ila, ƙanen Esta, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya zo mana daga Jos tun farkon damina da satifiket ɗin kwamfuta a cikin leda, yana cin tuwonmu yana gyara mana Turanci. Ban ce ya taɓa komai ba. Cewa na yi ya kula kada wani ya zauna a kan firinta.

Abin da ya biyo baya daga bakin shaidu na ji shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Sama'ila ya gaya wa masuntan cewa Yaya, wato ni, mutumin da ne, ba ya son ci gaba, kuma monita in an ba shi umarni zai ƙara yawan ɗigonsa, hoto ya shige duka. Ya buɗe wajen saiti. Kwamfutar, da yake ta san abokin zamanta, ba ta ba shi zaɓin da ya wuce ƙarfin marigayin ba. Sai Sama'ila ya yi mata ƙarya. Ya shiga wurin da ake gaya mata irin monitan da ke gabanta, ya ce mata wani ƙato ne mai inci goma sha bakwai, sabon yayi. Baiwar Allah ta yarda, ta buɗe masa duk ƙofofi. Ya zaɓi ɗigo dubu da ashirin da huɗu a kwance, ɗari bakwai da sittin da takwas a tsaye. Kuma da yake ya sha jin ina kukan ido, sai ya ce bari ya yi mini alheri, ya ɗaga sabunta hoton daga sittin zuwa tamanin da biyar.

Nan take fuskar marigayin ta tarwatse, ta koma layuka a karkace suna gudu, ya fara wani siririn kuka, "tsiiii". Kwamfutar ta fi surukina imani, domin in an canza saiti takan ɗan jira a tabbatar mata, in ta ji shiru ta mayar da abu yadda yake. Ta mayar. Fuskar ta dawo, ga Ya'u da kunnensa ɗaya. Mai hankali a nan zai tsaya. Sama'ila ya sake, bai rage ko ɗigo ɗaya ba, kuma wannan karon ya danna maɓallin tabbatarwa a makance, don kada ta sake yi masa gardama. Ya juya ya ce wa mutane, "Ku ba shi lokaci, zai saba."

Marigayin ya ci gaba da kuka, ƙeyarsa ta ɗauki zafi, ƙaurin roba ya fara tashi. Ya'u ya kai hannu ya taɓa, ya ji zafin, tausayi ya kama shi. Sai ya yi abin da yake yi wa kifinsa in rana ta buɗe a hanyar kasuwa. Ya zare buhu daga kwandonsa, ya tsoma a randar da ke bakin ƙofa, ya shimfiɗa shi jagab a kan ƙeyar, daidai kan 'yan ramukan da marigayin ke shan iska. Sama'ila yana tsaye yana kallo, da satifiket ɗinsa. Na iso da galan a hannu daidai lokacin da zan ji kalaman ƙarshe: "tsiiii... ƙas." Hayaƙi ya tashi ta cikin buhun, 'yar koriyar fitilar da ke haɓarsa ta mutu. Shagona ya cika da warin ƙonanniyar waya da ƙarnin tarwaɗa, ruwa yana ɗiga daga teburin zuwa kan takalmina.

Har yau ba a sami wanda ya kashe shi ba. Sama'ila ya ce buhu ne. Ya'u ya ce shi tun yana yaro yake rufa wa abu jiƙaƙƙen buhu, bai taɓa ganin ya yi kisa ba, sannan ya dafa kafaɗata da hannun da bai bushe ba ya ce, "Sai haƙuri, Malam, kwanansa ne ya ƙare." Mai gyaran talabijin ya buɗe bayan, ya leƙa, ya shinshina, ya mayar ya rufe, ya ce shi bai ga abin da zai kama ba. Washegari Sama'ila ya tuna yana da uzuri a Jos, Esta kuma har da ɗaure masa guzuri. Ni dai tsakanin mai ilimin da mai tausayin ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba, kuma na daina ƙoƙarin zaɓa.

Faifan kalandar ya tafi Kano yadda yake, ko ɗigo ba a canza ba, domin babu idon da za a canza da shi. Kalanda ta dawo. Ga Ya'u nan a ƙarshen sahu, cikakke, ido biyu, kunne biyu, hula a karkace, har da fili a bayansa inda kan kwalekwale da wata balbela suka samu shiga. Abin da na faɗa tun farko ke nan, abin da marigayin ya riƙe a cikinsa ke nan tun ranar, ba a yarda da mu ba. An ce Ya'u yana yawo da tasa a naɗe har kasuwar Kafin Hausa, yana nuna wa mutane yadda ya fito.

Marigayin ya rasu ya bar abokiyar zamansa, Kwamfuta, da ranta da lafiyarta amma makauniya, kuma har yanzu tana riƙe da umarnin Sama'ila a cikinta. An ce akwai maɓallin da ake dannawa tana tashi, ta koma ƙaramin saiti a gyara ɓarnar, amma wannan ma sai da ido, kuma masu monita a garin nan sun ji labari, babu mai ba da aron nasa ko na minti ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Ya bar kibod da maus, suna kwance babu mai taɓa su. Ya bar firinta, wadda ta yi shiru karo na farko a rayuwarta. Ya bar sitabilaiza, wanda aka saya don ya kare shi daga sharrin wuta, ba a san ta wajen dangi sharrin zai zo ba. Ya bar mayafin kwarashi da Esta ta saƙa masa. Ya kuma bar ni, na koma kan tsohuwar tafireta da na yi rantsuwar na rabu da ita, ga lokacin jarrabawa ya matso, makarantun da ke kawo mini aiki sun fara gaishe ni daga nesa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan shago, gindin darbejiya. Ba za a yi masa wanka ba, an riga an yi masa. Waɗanda suka aiko suna neman ƙoƙon jikinsa don kaji su yi ƙwai a ciki, da mai neman gilashin, su yi haƙuri, ya sha isasshen wulaƙanci yana raye. Za a karɓi gaisuwa a shago har zuwa azahar. Ba a karɓar kifi, ɗanye ko banda. Duk mai satifiket ɗin kwamfuta ya yi gaisuwarsa daga bakin titi, za mu ji.

Batun likkafani kuwa an riga an samu. Jiya Ya'u ya zo ta'aziyya, ya kawo mini kyautar kalanda guda, ya ce in rataye a inda marigayin yake zama don wurin ya daina yi mini fili. Na karɓa, na gode. Da ita za mu naɗe shi, kuma ni da hannuna zan juya hoton ciki, in daidaita ƙarshen sahun a tsakiyar gilashin, domin Mai Ƙeya ya tafi yana kallon kunnen da aka kashe shi a kansa.