Rasuwar Mai Ƙaho Biyu ta Gindin Dutse

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, tare da miƙa wuya ga ikon Ubangiji, Ƙungiyar Aikin Gayya ta Unguwar Gindin Dutse, a nan Zuru, na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarta ta intanet, wadda masana ke kira rauta, sauran jama'a kuwa suka fi sani da Mai Ƙaho Biyu, saboda eriya biyu da ke tsaye a kanta. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da rana tsaka, a kan katakonta da ke tsohon ɗakin karatu na bayan majami'a, bayan gajeriyar jinya da ba wanda ya gane kanta.

Marigayiya ba 'yar ƙasa ba ce. An haife ta a China, ta yi zaman kwali a Kaduna, ta iso mana a cikin jakar Philip, ma'aikacin jinya, wanda ya gaji da ganin tsofaffi suna hawan dutse da waya a sama suna neman sabis. Unguwarmu a kwance take cikin kwari, sabis ta kanmu yake wucewa. Maza suka yi gayya suka kafa dogon ƙarfe a kan rufi. Abdulrashid mai gyaran waya a kasuwa ya ba da sola da batir. Mata suka share ɗakin, suka kori jemagu. Ba gwamnati, ba ɗan siyasa, ba a yanka ƙyalle ba.

Ta yi rayuwa ta hidima. Ba ta taɓa tambayar kowa addininsa ko yarensa ba. Mai duba sakamakon jarrabawa, da manomin ƙauyen Manga mai son jin farashin dawa kafin ya ɗaure buhu, da mai neman aikin da babu shi, duk ta karɓe su da fuska ɗaya. A ƙarƙashinta Philip ya koya wa iyaye mata yadda ake taɓa gilashin waya ba tare da an danne shi kamar ana kashe kaska ba, da kuma cewa duk wanda ya kira ya nemi lambar sirri ta banki ɓarawo ne, ko da ya gaishe ki da sunan Yesu. An gaya mana cewa intanet zai kawo ci gaba. Mai wannan sanarwa ta tsufa a gaban allo, ta ji an faɗi haka game da rediyo, da talabijin, da takin zamani, saboda haka ba za ta rantse ba. Marigayiya ta kawo mana ilimi, ta kuma kawo ƙarya daidai gwargwado, har da maganin hawan jini da ya kwantar da mutum biyu. Allah ya gafarta mata.

Ba ta da yawan magana. Da safe, idan rana ta hau kan sola, takan ce "tit", fitilunta su yi kore ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai "zzz" a hankali, wanda sai mai kusantar da kunne yake ji. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Ta rasu ta bar kwamfutoci uku, biyu daga cikinsu suna da rai. Da batir da sola, waɗanda har yanzu suke tara wuta ba su san an yi mutuwa ba. Da dogon ƙarfe a kan rufi. Da ɗaliban aji na yamma. Ta kuma bar Mama Hannah.

Mama Hannah matar soja ce, mijinta ya rasu, ɗanta Aaron ya gaji kakin. Yana can arewa maso gabas, a wani wuri da ba a yarda ya faɗi sunansa ba. Duk Asabar takan zo da kujerarta 'yar tsugune, ta zauna daidai ƙarƙashin katakon, waya a cinya. In ya samu sabis, sai ya kira ta da bidiyo. Su yi ta hira da yarensu na C'lela, ta yi masa faɗa don ya rame, ya juya waya ya nuna mata tukunyarsu, ta ce wannan ba miya ba ce, ruwan wanka ne. In bai samu sabis ba, yakan bar mata saƙon murya, ya faɗo cikin wayarta da zarar ta shigo ɗakin.

Don godiya ne ta ɗinka wa marigayiya riga. Ta ga tsaka na yi mata kashi a baya, abin ya dame ta. Ta yanki sabon zanenta na Zumuntar Mata ta majami'a, ta sa soso a ciki don taushi, ta yi masa baki da leshi, ta bar ƙofa biyu don ƙahoni. Ɗinki ya zauna ɗas, ko iska ba ta shiga. Aka yi addu'a, aka saka mata, aka yi tafi. Kowa ya yi tafin, da mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba. A farkon bazara ne.

Cutar ajali ta fara da ɗaukewar numfashi: ta yi aiki, ta tsaya, ta dawo. Philip ya ɗora laifin a kan kamfanin sabis. Dattawa suka ce hadari ne yake haɗowa. Wasu suka ce bakin mutanen wata unguwa ne, tun da su ba su da irinta. Ranar Talata fitilu suka yi ja, sannan suka mutu. Abdulrashid ya zo, ya tuɓe mata rigar, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Ya ce ƙananan ramukan nan na jikinta da su take numfashi. Ya ninke rigar ya miƙa wa mai ita.

Jama'a sun yanke cewa shirun da Mama Hannah take yi tun ranar, na jin kunya ne. Mai wannan sanarwa ba ta yarda ba, kuma ga dalili. Kafin marigayiya ta kwanta, Asabar uku Aaron bai kira ba, bai bar saƙo ba. A tsakanin nan rediyo ya ambaci wani hari a yankin, bai faɗi sunaye ba. Uwar ta ci gaba da zuwa, fitilu kore a kanta, waya shiru a cinyarta. Sai na'ura ta mutu.

Kashegari Philip ya tsayar da mashin a ƙofar gidanta, ya ce ta hau ya kai ta bakin tasha, inda sabis yake a cike, duk saƙon da yake jira zai faɗo.

Ta ce, "Philip, ɗana, ka bar ni. Yana kira, na'ura ce ba ta ɗauka."

Ya ce, "Mama, nan da tasha ne fa. Ko ki ba ni wayar in je in dawo."

Ta ce, "Gwiwata ke ciwo. Kai kuma da wannan gudun naka, ka yar mini da waya a kwata?"

Da wannan gwiwar ta je gona da yamma. Wayar tana ƙulle a bakin zanenta, ba ta ba kowa, tana kai ta caji kullum. Tana cin abinci, tana zuwa sujada, tana amsa gaisuwa daidai. Ba ta kuka. Muddin marigayiya tana kwance, shirun na na'ura ne, ba na Aaron ba.

Ga tsarin jana'iza. Gawa tana shagon Abdulrashid, wanda iyalai suka ba izinin cire duk abin da zai amfani masu rai. Za a dawo da sauran ranar Asabar bayan azahar, a binne a bayan ɗakin karatu. Fasto ya ce ba zai yi wa roba wa'azi ba, amma zai zo ya yi addu'a. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin, akwai kunu.

An samo aron wata na'urar daga wani malamin makaranta a Ribah, za ta iso a mashin in hanya ta yi kyau. Mama Hannah ta roƙi kada a yi gaggawar kunna ta. Ƙungiya ta zauna a kan roƙon, ta duba ɗaliban da rajistar jarrabawa ke jiransu, ta ce ba za a iya wuce Asabar ba. An gaya mata. Ta ce to, za ta zo.

Za a kunna bayan addu'ar rufewa. Ana roƙon matan Zumunta su zo da wuri, su zauna kusa da Mama Hannah, kada a tambaye ta komai. Duk mai shiga ɗakin, ban da ita, ya kashe wayarsa tun daga bakin ƙofa, domin in an ji ƙara, a san ta wace ce.

Sanarwa: Malama Saloma Joel, a madadin ƙungiya.