Jawabina Daga Cikin Rumbun Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka rufe makarantarmu ta lise saboda annoba, karatu ya koma cikin waya. Ina ajin ƙarshe, wato tarminal, a Matameye, babanmu yana ci-rani a Kano, sai aka tura ni Kurni wurin kakata. A duk gidan ba inda rezon waya ke kamawa sai saman rumbunta.

Malaminmu na falsafa, Mushe Lawali ("Mushe" muke ce wa malami da faransanci), ya ce ran Laraba kowa zai yi jawabi da baki, aji na saurare, wanda bai yi ba sifili ne. Ni kuwa makina a falsafa dama abin tausayi ne. Da ranar ta zo, na jingina tsani na haye jinkar rumbu, na gyara murya (har turare na fesa, kamar waya na jin ƙanshi).

Ana kiran sunana, na ɗan miƙe don rezo ya ƙaru. Jinka ta burme. Sai ga ni tsundum cikin zangarniyar gero, waya a hannu, kuma ba ta katse ba.

"Kaka! Kaka! Ki cece ni!" Haka na dinga kwarara ihu, ni da nake wa 'yan aji faransanci da hanci.

Ta iso bakin rumbu tana salati. "Kai maigida, yunwar ce ta kai ka satar hatsin matarka? Ba ka ci tuwon da na ɗumama maka ba? Wallahi na fasa auren!"

Dariyar aji ta ɓarke a kunnena. Na so gero ya haɗiye ni. Mushe Lawali ya ce, "Kana da rai?" Na ce ina da shi. Ya ce, "To muna jin ka rangaɗau. Fara."

Haka na yi bayanin 'yancin ɗan Adam ina kulle cikin rumbu, ƙaiƙayi na cin wuyana, ina susa ina kawo hujja, Kaka na waje tana cewa, "Da wa kake magana? Aljanu?"

Na tsira daga sifili, amma sunana bai tsira ba. Har muka rubuta jarrabawar fita ta bak, "Maigidan Kaka" ake kira na, Mushe ma haka yake ce mini.

Tun daga ranar na gane: in za ka faɗi, fara kashe waya, sannan ka kira kakarka.