Hannun Hagu a Zauren Baffa Ilu

Saura kaɗan in bar labarin nan ya bi waɗanda suka gan shi, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage shi ne taubashina Habu, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, shi kuwa duk bayarwa sai ya ƙara gishiri. Na ga in ban faɗa da bakina ba, nasa ne zai tsaya. Ranar dai ko na so in manta da ita, ba ta yarda.

Ina saurayi ma'aikatarmu ta tura ni Faransa koyon gwajin wani irin bawul. Wanda ya tashi da tsohuwar rediyon nan da sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana ya san bawul. To wannan babban yayansa ne. Wani ya kai tsawon taɓarya, na ƙarfe da tagulla, an zuƙe iskar cikinsa tas, an kewaye shi da maganaɗisu. Sigina ta shiga ta wannan bakin kamar raɗa, ta fita ta wancan da ƙarfin da zai kai ta har tauraron ɗan'adam. Masu zana shi suna bene suna lissafi, mu na ƙasa namu gwaji ne. (A garinmu Gumel dai na bar mutane suna cewa ni nake ƙerawa. Ban faɗa ba, ban kuma musa ba.) Mu ɗora shi a teburi, mu haɗa masa ruwan sanyaya, mu riƙa ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan, kamar mai koya wa ɗan maraƙi huɗa. In ka yi garaje sai ka ji ƙara, wuta ta yi tsalle a cikinsa, aikin watanni ya tashi a banza, na bene su sauko suna kallon ka.

Wutar ɗakin nan ba irin ta gida ba ce da za ta fizge ka ka yi tsaki. Ko an kashe ta, takan laɓe a cikin na'ura tana jira. Shugabarmu wata dattijuwa ce, Madam muke ce mata, kullum da rular katako a hannu. Dokarta ba ta da yawa: ka cire agogo, ka tsaya a karkace, hannun hagu ya shiga aljihu, ka yi aiki da dama kaɗai. Dalilinta shi ne, in hannu biyu ka sa, wutar ta shiga ta wannan ta fita ta wancan, zuciya ce a kan hanya. Duk ran da hagun ya leƙo, rula ce a gwiwar hannu. Allah ya saka wa matar nan, don da raina na dawo. Sai dai na dawo da abin da ban san na ɗauko ba: da zarar gabana ya faɗi, agogo ya fita, hagu ya shige aljihu, ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Da damina na dawo, na tarar Rakiya, yarinyar da nake nema, tana nan tana koyarwa a firamare, ba ta ba kowa dama ba. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun yayansa, Baffa Ilu, a wani ƙauye bayan Gagarawa. Manyana sun je, ya karɓe su da mutunci, amma ya ce ba zai ce komai ba sai ya ga da idonsa abin da Turai ta rage na yaron. In ya ce a'a, magana ta ƙare, Rakiya ba za ta tsallake shi ba, ni ma ba zan so ta yi ba.

Da safen tafiyar Inna ta zaunar da ni kamar ɗan yaye: in durƙusa, kar in kalli idonsa, duk abin da aka miƙo in karɓa da hannu biyu, in taƙaita magana. Na yi dariya na ce mata na gaisa da manya a ƙasashen da ba ta san sunansu ba. Ta ce to, Allah ya sa.

Habu ne ya goya ni a babur. Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan: gero ya fi mu tsawo dama da hagu, riɗi ya yi fure, yashi ya jiƙe yana ƙamshi, mata suna ɗaga mana hannu daga gona ko ba su san mu ba. Yanzu an yi kwalta a wani sashen, ana isa da wuri, amma ba a jin ƙamshin. Habu tun daga Gumel yake tsokana ta da ɗan Faransancinsa na bakin iyaka, wai ɗan Faransa zai sha tambaya.

Muka yi sallama, muka tuɓe takalma. Baffa Ilu yana kan buzu, siriri, farin gemu, carbi a hannu, limamin garin a gefensa da wasu dattawa biyu. Ina haɗa ido da shi gabana ya yanke ya faɗi. Habu ya ce a nan ya ga na kwance agogo na zura a aljihun kaftani, hannun bai sake fitowa ba. Ni ban san an yi ba.

Na durƙusa lafiya lau, sai dai a karkace, kafaɗa ɗaya tana kallon ƙofa. Dattijon ya yi mini karamcin da ba kowane mai neman aure ake yi wa ba, ya miƙo hannu. Na miƙa dama, ita kaɗai, daga nesa, na ɗan taɓa na janye. Liman ma haka. Habu yana ta mintsini na a cinya, ni kuwa na ɗauka tsokanar ce bai gama ba, har da harararsa.

Aka kawo fura a ƙwarya babba, Baffa ya ɗauka da kansa ya miƙo mini. Wanda ya taɓa ɗaukar cikakkiyar ƙwarya ya san ba aikin hannu ɗaya ba ne. Ta karkace, furar ta malalo ta bi gefen buzun Baffa. Sai a lokacin na bi idanun mutane da kallo, na ga inda suka tsaya. Ga hannuna a aljihu har wuyansa, kamar ɗan sandan da ya zo karɓar haraji.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, hannun nan ciwo yake yi ne?"

Jama'a, ƙofa ce dattijon ya buɗe mini, har da shimfiɗa. Habu ya gane, ya yi wuf ya ce ai targaɗe na yi, babur ya kayar da mu a yashi. Dattawan har sun fara sannu, sannu. Abin da ya rage mini kawai in sunkuyar da kai in ɗan yamutsa fuska.

Sai injiniyan cikina ya farka. Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau, horo ne na aiki. Na gyara zama (a gaban surukai, ku ji fa) na shiga bayanin bawul, da iskar da ake zuƙewa, da maganaɗisu, da tauraron ɗan'adam, da Madam da rularta. Ina gani suna saurare, sai daɗi ya kama ni, na ɗauka burge su nake yi. Na rufe da muryar malamin makaranta: "Wato Baffa, ƙa'idar ita ce, duk abin da kake tsoron zai iya kashe ka, da hannu ɗaya ake taɓa shi."

Daga bayan zana wata ta tuntsire da dariya aka toshe mata baki. Liman ya duƙar da kai yana gyaran rawani da babu abin da ya same shi.

Baffa ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa, ya sake dubawa. Ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina yawo da shi, ban sani ba."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na dai san Habu ya tsayar da babur a tsakiyar gero ya sauka ya kwanta a ƙasa don dariya, ni ina tsaye ina lissafin ko ma'aikata za ta yarda ta mayar da ni Faransa ko ba albashi. Inna da ta ji, sai ta tura mini tuwo ta ce in ci da hannun da na ga dama.

Aka shiga shiru. Gero ya yi kai, aka fara girbi, babu saƙo daga ƙauye. Rakiya in mun haɗu sai ta fara magana dariya ta ƙwace mata, ta koma ta yi jugum, don ita ma ba ta san inda aka kwana ba. Na rame har wandona yana zamewa.

Bayan an ɗaure dammuna Baffa ya aiko a kira kawuna. Abin da ya faɗa masa, kawu bai rage mini ko kalma ba. Wai yaron nan wawa ne, wannan babu ja. Amma an miƙa masa ƙarya a ƙwarya, abokinsa ya riƙe masa ludayi, ya ƙi sha. Wauta tana raguwa da shekaru, ƙarya kuwa ƙaruwa take yi. A kawo sadaki.

Kada wani saurayi ya karanta wannan ya ce zai gwada, don irin su Baffa Ilu sun yi ƙaranci, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, ba kowace tambayar dattijo ce take neman amsa ba, wata rufin asiri ce aka miƙo maka. Kuma duk ƙasar da ka je ka dawo, in tsohuwarka ta zaunar da kai, zauna.

Shi dai bai sake tayar da maganar ba, ko ranar ɗaurin aure, har na sakankance ya manta. Sai ranar sunan ɗanmu na fari, an gama addu'a, zaure cike da mutanen Gumel da na Gagarawa, aka miƙa masa jaririn ya tofa masa albarka. Ya ɗago shi zai ba ni, sai ya tsaya, ya dube ni fuskar nan babu alamar wasa.

"Injiniya, wannan za ka iya karɓar sa haka, ko sai an kashe wuta tukuna?"